Kafin a Yanka Ƙarfe: Yadda Masu Ƙera Jiragen Ruwa Ke Gwada Shawara a Kwamfuta

 

Yau za mu bar tudu mu gangara bakin teku, inda ake ƙera manyan jiragen ruwa. Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Kano ko na Maraɗi da jirgin ruwa. To, shaddar da ke Kantin Kwari, da babur ɗin ɗan acaɓa, da injin ban ruwan manomin rani, yawancinsu sai da suka yi makonni a cikin jirgi kafin a sauke su a Legas ko Kwatano ko Lome. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa suke bi. Su kuwa manyan jiragen, ƙasashe uku ne ke ƙera fiye da kashi 90 cikin 100 nasu a yau: Sin da Koriya ta Kudu da Japan.

Abin da ya kawo mu wurin shi ne maganar yanke shawara. Shugaban masana'antar ƙera jirage yakan sa hannu a takarda yau, sai bayan shekara biyu ko uku ya ga abin da sa hannun ya haifar. Ya karɓi wannan kwangila ko ya bar ta? Ya ɗauki sababbin 'yan walda, ko ya sa waɗanda yake da su su ƙara awoyi? Mai jirgi ya aiko yana so a sauya zane, a nawa zai yarda? Ba shi da halin ya ƙera jirgi guda na gwaji ya ga yadda za ta kaya. Shi ya sa masana suka fito da dabarar gina masana'antar ɗungurungum a cikin kwamfuta, da ma'aikatanta da injunanta da kuɗinta, a sa ta yi aikin shekara uku cikin 'yan mintoci, a sauya shawara, a sake sa ta. Wannan shi ne gwajin kwaikwayo.

Bari in ɗan zagaya da ku cikin wurin, don ku ga abin da ake kwaikwayo.

Babban jirgi gunduwa-gunduwa ake yin sa. Falankan ƙarfe za su iso, a kankare musu tsatsa, a shafa fentin farko, inji ya yanka kowanne bisa zane. A lanƙwasa na lanƙwasawa, a yi walda su zama bangaye, bangayen su haɗu su zama gunduwa mai nauyin tan ɗaruruwa. Tun tana ƙasa ake saka mata bututu da hanyoyin waya da tsani. Sau da yawa ma a kife ake aikinta, rufin yana ƙasa, domin mai walda ya yi aiki yana sunkuye maimakon ya ɗaga kai tartsatsi na zubo masa a wuya. Idan an gama, wata shimfiɗaɗɗiyar mota mai tayoyi barkatai ta kutsa ƙarƙashinta, ta ɗaga ta, ta ja ta a hankali zuwa ɗakin fenti, daga nan sai bakin rami.

Ramin nan na siminti ne, yana da ƙofa da ke tare ruwan teku, kuma a manyan masana'antu tsawonsa kan wuce mita 500. A cikinsa ake haɗa gunduwoyin, wata ƙatuwar ƙugiya tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Idan jirgi ya haɗu sai a buɗe wa ruwa hanya ya taso da shi. Muddin wannan jirgi bai fita ba, na bayansa ba shi da wurin shiga. Saboda haka kwana ɗaya da aka yi asara a ramin, duk jiragen da ke layi sun yi asararsa.

Masu ƙera jirage a Amurka suna da wani lissafi na ƙiyasi da suke yawan faɗa: aikin da zai ci awa 1 a cikin shago, zai ci awa 3 idan an bari sai a filin haɗa gunduwa, ya ci awa 8 idan sai jirgi ya haɗu aka shiga cikinsa. Ku riƙe wannan lissafi, don shi ne zai sa ku fahimci labarin da ke tafe.

A garin Pascagoula na jihar Misisipi akwai masana'antar Ingalls, wadda a lokacin take hannun kamfanin Litton. A 1969 ta samu kwangilar ƙera wa rundunar sojan ruwan Amurka manyan jirage 9 masu ɗaukar sojoji da jirage masu saukar ungulu, waɗanda daga baya aka rage zuwa 5. A 1970 kuma ta samu ta jiragen yaƙi 30. An yanke farashi tun farko. Kowa ya ce kakarsu ta yanke saƙa. Kafin tsakiyar shekarun 1970 sai ga shi ana hasashen kuɗin aikin zai zarce abin da aka yanke da fiye da dala miliyan 500, abin da zai iya durƙusar da kamfanin.

Ingalls ta ce laifin rundunar ne, domin tana ta aiko da sauye-sauyen zane, dubbai, bayan aiki ya yi nisa. Rundunar ba ta musa cewa ta sauya zane ba. Abin da ta ce shi ne, za ta biya kuɗin kowane sauyi kai tsaye, wato awoyin mai zane da ƙarfen da aka sake yankawa, saura kuwa sakacin shugabannin masana'antar ne. Aka yi shekaru ana wannan ja-in-ja, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuma babu mai hujjar da za ta kashe bakin wani.

Duk wanda ya taɓa gina gida zai gane inda gizo ke saƙar. An gama filasta, an sa tayil, an yi wayarin, sai maigida ya ce a matsar da banɗaki zuwa wancan ɓangare, shi kuɗin bututu da bulo kawai ya lissafa. Amma za a fasa tayil, mai wayarin da ya koma wani aiki sai an jira shi, mai fenti ya zo ya tarar ba a shirya ba ya tafi, ga damina ta kawo kai. Wa zai biya wannan? To, ku ninka shi a wurin da mutum fiye da 20,000 ke aiki a kan jirage da dama a lokaci guda.

Daga ƙarshe Ingalls ta ɗauko wani kamfanin masana daga Cambridge ta jihar Massachusetts mai suna Pugh-Roberts, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Cooper. Hanyar da suka bi ta samo asali ne daga Farfesa Jay Forrester na jami'ar MIT, wanda ya koyar da yadda ake bin sawun abu yana haifar da wani, wanin kuma ya dawo ya shafi na farkon. Suka zauna da manajoji da injiniyoyi na kowane sashe suna tambaya: idan zane ya makara, me kuke yi? Idan aka matsa muku lamba fa? Yaushe kuke gane an yi kuskure? Amsoshin nan da tarin bayanan aiki suka mayar lissafi.

Babban abin da suka fito da shi, a ganina, ya cancanci kowane shugaban aiki ya haddace shi, ko da bai taɓa ganin teku ba. Ga shi a misali. An ba ma'aikata ayyuka 100, suka yi duka, aka rubuta a rajista an gama. Amma 80 ne suka yi daidai, 20 na da aibi, kuma babu wanda ya sani, har da waɗanda suka yi su. Ba ha'inci ba ne. Wataƙila zanen da suka bi ne tuni aka sauya shi a ofis, labari bai iso ba. Ayyukan nan 20 za su kwanta shiru wata shida, ko shekara. Ranar da mai haɗa bututu ya zo da nasa, sai ya tarar hudar da aka yi a bango ta kauce da faɗin tafin hannu. A lokacin an riga an yi fenti, an ja waya ta wurin, an rufe da abin kare zafi, gunduwar ma tana cikin jirgi. Aikin awa 1 ya koma na awa 8. A wajen gyaran kuma za a sake yin wasu kurakuran, su ma su kwanta.

Shi ya sa za ka ji rahoton aiki ya haura da sauri har kashi 90 cikin 100, sai ya tsaya cik wata da watanni. Mutane na ta gumi, lamba ba ta motsi, domin abin da suke yi tsohon aiki ne da aka riga aka ƙirga.

Shugaba kuma da ya ga lokaci na ƙurewa, me zai yi? Zai sa a ƙara awoyi. Mako biyu na farko aiki ya yi sauri, daga nan gajiya ta shiga, kurakurai su ƙaru. Zai ɗauki sababbin ma'aikata, sai ƙwararrun su bar nasu aikin suna koya musu, su kuma sababbin hannunsu bai faɗa ba. Zai tura mutum goma cikin ɗakin da ke ɗaukar huɗu, kowa na jiran wani ya matsa. Zai ce a fara abin da ya samu ko ba lokacinsa ba ne, don kada a zauna haka nan, gobe a kwance shi saboda ya tare hanya. Zai kwashe gwanaye daga wannan jirgi ya kai wancan, sai cutar ta tsallaka zuwa jirgin da ba a taɓa sauya masa zane ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kowane mataki a nan mai hankali ne ya ɗauke shi, da kyakkyawar niyya, kuma idan ka dube shi shi kaɗai ba za ka ga aibinsa ba. Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ce ba ta iya riƙe dukkansu tare har tsawon shekaru. Kwamfuta tana iyawa.

Yanzu ku ji yadda aka yi amfani da ita. Da farko suka sa kwaikwayon ya maimaita shekarun da suka wuce, suna gwada shi da rajistar gaskiya, yawan ma'aikata da awoyi da ranakun da kowane mataki ya kammala, har sai da biyun suka yi kusa da juna. Sannan suka cire sauye-sauye da jinkirin da suka fito daga rundunar, suka bar komai yadda yake, har da kurakuran ita Ingalls ɗin, suka sake kunna shi. Tazarar da ke tsakanin gwajin farko da na biyu ita ce kuɗin da sauye-sauyen suka jawo. Rundunar ta kawo nata masanan suka yi wa lissafin filla-filla, aka shigar da gyare-gyaren da suka nema, nauyin bai sauka daga kanta ba. A watan Yunin 1978 aka sasanta ba tare da hukuncin kotu ba, Ingalls ta karɓi dala miliyan 447.

Abin da ke damuna a labarin nan shi ne sai da ɓarna ta auku aka nemo wannan ilimi, kuma don rigima aka nemo shi. Da tun ranar da takardar sauyi ta farko ta iso akwai wanda zai iya cewa, ranka ya daɗe, wannan sauyi a takarda dala kaza ne, amma idan aka yi shi yanzu zai ci ninkin haka kuma ya ture jirgi na gaba da wata biyu, da wataƙila mai aikowar ya sake tunani. Bayan sulhun, masana'antar ta ci gaba da amfani da kwaikwayon wajen tafiyar da ayyukanta, kuma hanyar ta yaɗu zuwa wasu manyan ayyuka kamar ginin tashoshin lantarki da ƙera jiragen sama.

Akwai wani salon kwaikwayon da ya fi wannan bin diddigi. Shi ba jimillar aiki yake kallo ba, kowane falanki da kowace gunduwa da kowace ƙugiya yake bi, daga ƙofa har rami. Masana'antar Flensburg da ke arewacin Jamus, wadda aka kafa a 1872 kuma ta yi suna wajen jiragen da manyan motoci ke shiga da fita da tayoyinsu, ta yi fice a wannan tun ƙarshen shekarun 1990. Ta haɗa kayan kwaikwayo na musamman don ƙera jirage, har wasu masana'antu da jami'o'i suka shigo ana amfani da su tare.

Irin wannan ne ake tambaya kafin a kashe kuɗi a kan inji. A ce shugabanni sun ga layi na taruwa a wurin yankan ƙarfe, suna so su sayi inji na biyu. Sai a fara saka shi a kwamfuta. Sau da yawa abin da ake gani shi ne layin ya tashi daga nan ya koma ƙofar ɗakin fenti, gunduwoyi sun cika fili har motar ɗauka ba ta da wurin juyawa, jirgi kuwa bai fita ko kwana ɗaya da wuri ba. Ashe ba inji ake buƙata ba, sake jera aikin ake buƙata, ko ƙarin fili. Haka nan ƙugiya. Wadda ke tsaye a Ulsan ta Koriya ta Kudu, a masana'antar Hyundai, tsayinta mita 138 ne. A Malmo ta ƙasar Suwidin aka fara kafa ta, bayan aikin manyan jirage ya mutu a can aka sayar da ita a 2002 a kan dala 1, mai saye ya ɗauki nauyin kwancewa da jigila. Ƙarfin ƙugiya shi ke yanke girman gunduwa, girman gunduwa kuma shi ke yanke yawan kwanakin da jirgi zai yi a rami. Abu ne da idan an kafa shi za a zauna da shi shekaru da dama, don haka ya cancanci a gwada kafin a kafa.

Kuma ba sau ɗaya ake kunna gwajin ba. Ana kunna shi ɗaruruwa ko dubbai, kowane karo da irin tasa ƙaddarar: yau ƙarfe ya makara, gobe iska ta hana ƙugiya aiki, jibi injin jirgi bai iso daga mai ƙera shi ba. Amsar da ke fitowa ba rana guda ba ce. Za a ce maka, a misali, cikin gwaji 1,000 sau 600 jirgin ya fita kan lokaci. Kai ne yanzu za ka duba tarar da ke cikin kwangila ka ce ka yarda ko a ƙara maka wata guda. Kwamfuta ba ta ɗauke maka wannan nauyi ba, ta dai sa ka ɗauke shi ido buɗe.

Sai maganar kuɗi, inda masana'antu da yawa ke faɗuwa alhali ƙarfensu lafiya lau. Meyer Werft ta garin Papenburg a Jamus tun 1795 take ƙera jirage, kuma tana cikin gwanayen duniya a jiragen yawon shaƙatawa. A 2024 littafin odarta cike yake, amma sai da gwamnatin tarayyar Jamus da ta jihar da garin yake suka sa Yuro miliyan 400 suka karɓi kusan kashi 80 cikin 100 na kamfanin don kada ya rushe. A wannan sana'a mai jirgi kan ba da kusan kashi 20 ne tun farko, sauran 80 sai ranar miƙa jirgi. Ƙarfe da albashi da kuɗin ƙananan 'yan kwangila duk da rancen banki ake yin su. Ga wasu kwangilolin an yanke musu farashi kafin kayan aiki da makamashi su yi tashin gwauron zabo. Kwaikwayon da ya tsaya a kan walda da ƙugiya, bai haɗa da ranar shigar kuɗi da ranar fitarsu da kuɗin ruwa ba, rabin masana'anta ya kwaikwaya. Ita kanta Flensburg, da duk gwanintarta, ta shiga hannun masu kula da kamfanonin da suka kasa biyan bashi a 2020, ta sake shiga a ƙarshen 2024. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya fita daga shirin nan yana zaton kwamfuta laya ce.

Abin da ya fi komai raunana wannan aiki kuwa ba a cikin na'ura yake ba. Ku dubi mai walda da ke can ƙasan jirgi, tsakanin ɓawo biyu na ƙarfe, inda ba a iya miƙewa tsaye. Ta wata 'yar ƙofa ya rarrafo, yana jan wayarsa da bututun iska, hayaƙi na cika masa fuska. Shi ya san cewa haɗin nan da aka rubuta wa awa biyu ba ya yiwuwa ƙasa da huɗu. Mai kula da su ma ya sani. Amma idan a wannan masana'anta duk wanda ya kawo labarin matsala shi ake ci wa mutunci, to zai rubuta an gama ya yi shiru. Wannan rubutu shi za a ɗura wa kwamfuta, ita kuma ta dawo da shi cikin zane mai launi, shugabanni su gani su yi murna. Ni a wajena, masana'antar da ke son amfanin kwaikwayo sai ta fara sa mutanenta su daina tsoron cewa akwai kuskure a nan. Lissafin Ingalls da kansa ya nuna cewa tsawon lokacin da kuskure ke yi a ɓoye yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi. Kuma ina ƙin in ga an mayar da wannan ilimi bulalar matsa wa ma'aikaci. Kwaikwayon da aka gina bisa zaton mutum ba ya gajiya, kullum zai ba da shawarar a ƙara awoyi, kuma ƙarya zai yi.

A yankinmu ba a ƙera irin waɗannan manyan jirage, amma ba a rasa aikin ba. Masana'antar sojan ruwan Nijeriya da ke Legas ta ƙera jiragen sintiri, NNS Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, da Oji a 2021. Akwai Nigerdock a Legas ɗin, akwai ta Tema a Gana, inda galibi gyara ake yi. Gyara kuwa ya fi ƙira rashin tabbas, domin sai an janye ruwa cikin jirgi ya bayyana ake sanin iyakar ɓarnar, ga wani jirgin a waje yana jiran rami. A 2018 hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Nijeriya, NIMASA, ta kawo wani dandamalin gyaran jirage mai shawagi a kan ruwa, ya yi shekaru a Legas bai fara aiki ba, ana ta neman inda za a girke shi. A ina zai zauna, jirage nawa za su zo a shekara, wa zai tafiyar da shi, nawa zai ci kullum idan yana zaune: waɗannan su ne tambayoyin da ake sa wa a gwaji tun kuɗi na aljihu. Matasanmu da ke karatun injiniya da lissafi da kwamfuta a Zariya da Kano da Yamai, wannan fanni ne da kwamfutar cinya da haƙurin zama da ma'aikata suka isa a fara shi.

Idan kuma wata rana kai ne a kujerar shugaba, aka kawo maka sakamakon irin wannan gwaji, kada kyan hoton ya ɗauke maka hankali. Ka ce a kunna shi a kan jirgin da kuka riga kuka gama, wanda kun san ranar da ya fita da abin da ya ci. Idan ya kasa faɗin abin da ya riga ya faru, a mayar da shi a gyara. Sannan ka nemi a karanto maka awoyin da aka rubuta wa kowane aiki, a gaban mai kula da 'yan walda da mai haɗa bututu da mai sito, ka bar su su yi magana kafin manajoji.